Awo ya nuna ina da ciwon hanta B ga ciki wata shida, ku ba ni shawara

Hajiya Admin:
Salamu alaikum jama'ar grup. Wata 'yar uwarmu ce ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce in saka amma kar in kama sunanta. Dan Allah duk mai magana ya tausasa harshe, mai ciki ce. Ga saƙon nata yadda ta rubuto:

"Hajiya ina wuni. Wlh kwana uku ke nan ban runtsa ba. Ina nan Aboabo a Kumasi, cikina ya shiga wata shida, na biyu ke nan, na farin namiji ne shekararsa uku. Ran Talata na je awo aka ɗebi jini, da na koma karɓar rizalt nas ɗin ta yi rubutu da jan biro a littafin awona ta ce ina da hefataitis B, wai ciwon hanta, in je a yi wasu gwaje-gwaje in dawo, layi ya yi tsawo ban samu na tambaye ta komai ba. Ni dai ba inda ke min ciwo, idona bai yi ɗorawa ba, ina cin abincina lafiya lau. Na faɗa wa wata maƙwabciyata da na yarda da ita sai ta ce kar in kuskura in ba jaririn nono, kuma in ware kwanona da cokalina wai har ta gumi ana ɗauka. Maigida ban faɗa masa ba, tsoro nake kar ya ce daga waje na kwaso, ga shi gida ɗaya muke da uwarsa. Abin da ke cikina da shi zai fito ke nan? Ni kuma mutuwa zan yi? Ku taimaka min."

Maman Biyu Sawaba:
Ƙanwata share hawayenki ki sha ruwa. Ni da nake miki rubutun nan ina da shi, a awon cikina na fari aka gano, yau yarana biyu duk an gwada su ba wanda ya ɗauka, kuma dukansu sun sha nono har yaye. Maƙwabciyar nan taki tsoro kawai ta ƙara miki.

Hajiya Mai Waakye:
Innalillahi. Allah ya ba ki lafiya 'yata. Amma ki ji shawarar babba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kin riga kin yi kuskure ɗaya da kika faɗa wa maƙwabciya, kar ki ƙara na biyu. In uwar miji ta ji, gobe duk layinku sun ji, jibi ba mai cin abincin sunanki. Akwai wani mai magani can wajen Tafo da ke haɗa sassaƙe na ciwon shawara, kwalba uku ake sha ya wanke hanta tas, ki yi abinki shiru.

Anti Ungozoma:
Hajiya da girmanki, amma maganar sassaƙen nan dan Allah a janye ta. Mace mai ciki wata shida, ga hanta da ƙwayar cuta a ciki, duk abin da ta haɗiya hantar ce za ta tace shi, ba wanda ya san me ke cikin kwalbar nan ko nawa ne ƙa'idarsa. Kuma wannan ba ciwon shawara ba ne irin wanda muka sani, ƙwayar cuta ce ta bairos da ke zaune cikin hanta, ba a wanke ta kamar tukunya.

Ke kuma ƙanwata bari in bi tambayoyinki. Ba a haifar jariri da shi dole. Yawancin yaran da suka ɗauka daga uwa ba a cikin ciki suke ɗauka ba, a wajen haihuwa ne, lokacin da jinin uwa da ruwan haihuwa suka taɓa yaro. Shi ya sa akwai dama, kuma damar awa 24 ce. In aka yi wa jariri allurar rigakafin hefataitis B a cikin awa 24 na farko, an fi so ma kafin awa 12, aka haɗa masa da wata allura ta biyu da ake ce wa HBIG, wato garkuwa ce haɗaɗɗiya da ake ba shi ta tare masa kafin jikinsa ya ƙera tasa, to a cikin yara goma sama da tara suna tsira. In ba a yi komai ba kuma uwar ƙwayar ta yi mata yawa a jini, bakwai zuwa tara cikin goma ke ɗauka. Kin ga bambancin.

Abin da ya sa muke ɗaga hankali kan jarirai: babba in ya ɗauki cutar nan, sama da 95 cikin 100 jikinsu na kore ta da kansa. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 90 cikin 100 na waɗanda suka ɗauka wajen haihuwa za ta zauna musu har tsufa, kuma ba alamar komai, yaro na wasa na ƙiba, sai ya kai shekara talatin ko arba'in hanta ta ƙeƙashe ko daji ya fito.

Baban Yara Tafo:
Ni fa a yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Mu abin da muka ji a rediyo shi ne ta hanyar kwanciya ake ɗauka. To in mijin aka gwada ba shi da shi, ita daga ina? Tambaya ce kawai ba zargi ba.

Uwar Gida Asawase:
Ka ji ko? Irin wannan "tambaya ce kawai" ɗin ce ta hana yarinya barci kwana uku. Malam ka ji tsoron Allah.

Yaron Lab:
Baba bari in amsa maka, aikina ke nan kullum jini nake gwadawa. E ana ɗauka ta kwanciya, ba ƙarya aka faɗa ba. Amma a ƙasashenmu na nan yawancin manyan da ka gani da shi tun suna jarirai ko suna ƙanana suka samu, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara a gida ta ƙuraje da rauni, ko aska ɗaya da aka yi wa yara goma tsaga ko kaciya da ita. Anti ta riga ta faɗa, wanda ya ɗauka da girmansa galibi yana warkewa, wanda ya zauna wa kuwa mafi yawa tun yarinta ne. To mace lafiyayya da aka gano a awo ba ta ma san tana da shi ba, wanda ya kamata a fara gwadawa mahaifiyarta ce da 'yan ɗakinsu. Sau nawa ina ganin gida guda uwa fozitif, 'ya'ya huɗu cikin shida fozitif, har da wanda ko balaga bai yi ba, shi ma waje ya je?

Kuma a Ghana sai 2002 aka saka rigakafin hefataitis B cikin allurar yara, wadda ake ce wa penta. Duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba sai in shi ya je ya biya aka yi masa.

Baban Yara Tafo:
To na ji. Ban san da zancen uwa ba wlh. Allah ya yafe mana.

Maman Biyu Sawaba:
Anti Ungozoma ta faɗi awa 24 kamar abu mai sauƙi, bari ni in faɗa muku yadda awa 24 ɗin take a aikace don kar ƙanwarmu ta sake jiki. Haihuwata ta fari an ce min akwai allura, na ɗauka tana nan ajiye a asibiti kamar BCG, ban tanadi komai ba. Na haihu daren Juma'a wajen ƙarfe biyu, da gari ya waye aka miƙo wa maigida takarda aka ce je ka nemo, bawan Allah ya shiga famasi ya fi biyar daga Adum har Bantama, wannan ya ce ta ƙare wannan ya ce sai Litinin, ga kuɗin HBIG ɗin ba wasa ba sai da ya kira yayansa a Kejetia ya ranta masa, ni ina kwance ina kallon agogon bango ina kuka, nas na cewa in yi shiru jinina zai hau. Sai bayan la'asar ya dawo da ita cikin leda da ƙanƙara. Allah ya rufa asiri ba mu wuce lokaci ba amma da kyar. Na biyu kuwa tun ciki na wata bakwai na ɗauki adashina na ajiye, na je famasi na biya suka riƙe min a firij ɗinsu, ran da naƙuda ta tashi ƙanina ya wuce ya karɓo kafin ma in shiga ɗakin haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kar ki ce za ki saya ki ajiye a firij ɗin gida, da dumso ɗin nan namu, wuta ta ɗauke kwana guda kin yi asarar kuɗinki ba ki sani ba.

Anti Ungozoma:
Gaskiyarki Maman Biyu, na gode da kika ƙara. Sanyin da take so tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne, zafi na ɓata ta, daskarewa ma na ɓata ta, don haka ba a jefa ta firiza kuma ba a manna kwalbar jikin ƙanƙara kai tsaye, a naɗe da tsumma ko takarda. Ƙanwata a awonki na gaba ki tsaya ki tambayi ungozomar da ke duba ki ƙarara: in na haihu nan wace allura kuke da ita a hannu, wacce zan zo da ita? Ki sa ta rubuta miki. In kuma kuɗin HBIG ya gagara duk da ƙoƙari, kar a ce to shi ke nan a bar duka, rigakafin ita kaɗai in aka yi ta kan lokaci tana kare yara da yawa ƙwarai, ita ce ginshiƙin.

'Yar Kano A Kumasi:
Ni abin nan ya ban mamaki da na zo aure nan. Mu a Najeriya tun 2004 allurar hefataitis ta ranar haihuwa tana cikin jadawalin gwamnati, tare ake yi da BCG da ɗigon polio. Babbar 'yata a Kano na haife ta an yi mata, na zo nan na haifi na biyu aka ce sai sati shida. Amma can ma fa ba wai an tsira ba ne, mata da yawa a gida suke haihuwa ba sa zuwa asibiti sai bayan suna, lokacin an riga an makara.

Mma Lanto:
To ni ina da tambaya. In yaro zai samu penta ɗin nan a awon jarirai sati 6 da 10 da 14 kuma akwai ta hantar a ciki, me ye na wahalar da kai da kashe kuɗi ranar haihuwa? Ba duk ɗaya ba ne?

Yaron Lab:
Mma ba ɗaya ba ne. Ɓarawo ya shiga ɗaki ranar haihuwa, ke kin zo da kwaɗo bayan sati shida. Penta tana kare yaron da bai riga ya ɗauka ba. Wanda uwarsa ke da shi yana bukatar ta ranar farko, sannan ya bi da penta ukun nan duka ba tsallake ko ɗaya, in ya kai wata 9 zuwa 12 a kawo shi mu gwada a tabbatar bai ɗauka ba kuma garkuwa ta kama. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne mutane ke mantawa.

Ɗan Asawase:
Tun ɗazu ina karantawa ban so yin magana ba amma bari in yi ko wani zai amfana. Yayana da nake bi ya rasu yana da shekara 38, mutum ne ƙaƙƙarfa mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, bai taɓa shan giya ba ko sigari. Ya fara cewa gefen cikinsa na dama na masa nauyi, muka ce ulsa ce, aka ce sammu ne saboda shagonsa na ciniki, muka yi wata huɗu muna yawon masu magani ciki na kumbura ƙafa na kumbura, ranar da muka kai shi asibitin Komfo Anokye aka yi sikan likita ya ce dajin hanta ne kuma ya yi nisa. Wata biyu ya ƙara. Likitan ne ya ce duk 'yan ɗakinku ku je a gwada ku, mu biyar muka je uku muna da shi, Mma ma tana da shi, tsohuwa ta yi ta kuka wai ita ta kashe ɗanta, alhali a zamanin da ta haife mu wa ya san wani abu hefataitis. Ni yanzu duk wata shida ina zuwa a duba jinina a yi sikan. Hajiya Mai Waakye ki yi haƙuri, kwalba ukun nan mun saya, mun sayi fiye da goma ma.

'Yar uwa ke Allah ya so ki, an gaya miki tun yaron bai fito ba. Mma ba wanda ya gaya mata.

Hajiya Mai Waakye:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. To na janye zancen magani tunda masu ilimin abin sun yi magana. Amma zancen faɗa wa miji ina nan kan bakana. Ku yaran yanzu ba ku san gidan miji ba. Na ga wadda aka mayar gidansu da ciki kan abin da bai kai wannan ba.

Uwar Gida Asawase:
Hajiya to wa zai ba da kuɗin gwajin da allurar? Wa zai ruga famasi ranar haihuwa? Kuma shekara huɗu suna tare, shi ma ai yana da haƙƙin ya san halin da jininsa ke ciki, in ba shi da shi a yi masa rigakafi, in yana da shi a fara duba shi. Ranar da ya buɗe littafin awo ya ga jan biro ya kai wa wani ya karanta masa, ranar ce za a yi zargin da take gudu, don zai ce me ya sa kika ɓoye.

Hajiya Mai Waakye:
Ai ba duk namiji ne ke da kunnen sauraro ba 'yata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Biyu Sawaba:
Ku duka kuna da gaskiya. Ni yadda na yi, ban faɗa masa a gida ba, cewa na yi an ce a zo da miji awo, dama suna son maza su riƙa rakiya har layi ake tsallakar da mai miji a wasu wuraren. Muka shiga ungozoma ta yi masa bayani da bakinta, ta fara da cewa galibi daga uwa ake samu tun haihuwa. Namiji abin da ya ji daga bakin mai farin kaya daban yake ɗaukarsa da wanda ya ji daga bakin matarsa da daddare. Uwar miji kuwa wannan ni ma ina bayan Hajiya, ba dole ba ne, ba a kwano ake ɗauka ba balle a ce ana cutar da ita.

Anti Ungozoma:
Tunda an dawo kan kwano bari in kashe wannan. Ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko cokali, ko kofi, ko gaisawa, ko runguma, ko tari, ko cizon sauro, ko zama kan tabarma ɗaya. Ki ci gaba da girkinki. Abin da za ki ware reza ce, da abin yanke farce, da buroshin haƙori, da duk abin da ke iya taɓa jini, don ƙwayar na iya yin kwana 7 a busasshen jini tana da rai. In kin yanke da wuƙa ki rufe wurin. Nono kuma ki ba shi tun awa ta farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana mai hefataitis B shayarwa ba, balle yaron da aka yi wa allura. In kan nonon ya tsage yana jini ne kawai za ki zo a duba miki.

Saura ke kanki, don kowa na ta jariri an manta da mai ɗauke da shi. Yawancin mata masu wannan cutar suna rainon cikinsu lafiya su haihu lafiya, ba ta nakasa halittar yaro, kuma ba a yi wa mace tiyata don ita kaɗai, haihuwa da kanki ba laifi. Gwaje-gwajen da aka rubuta miki kar ki yi wasa da su: akwai na lafiyar hanta, akwai wanda ake ce wa HBeAg mai nuna ko ƙwayar na hayayyafa sosai, akwai kuma na ƙidayar ƙwayar a jini wanda kuke ji ana cewa bairal lod. In ƙidayar ta kai 200,000 ko ta wuce, allurar jariri kaɗai ba ta cika isa ba, sai likita ya ɗora ki kan wata ƙwaya tenofovir, guda ɗaya a rana, daga sati 28 har ki haihu, wasu likitocin ma kan fara kafin nan, don ta rage yawan ƙwayar kafin ranar. Ke yanzu wata shida kike, kin ga sati 28 na bakin ƙofa, wannan satin ya kamata ki je ba wata mai zuwa ba.

Bayan haihuwa kuma kar ki ɓace. A watannin farko na jego cutar kan motsa wa wasu mata hanta ta yi zafi, musamman wadda ta tsayar da magani, shi ya sa ba a dainawa sai da izinin likita kuma ana sake gwada jini. In kin ga ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko kasala mai tsanani da amai, ba jiran ranar awo, asibiti kai tsaye.

Amarya Sabon Zongo:
Anti tenofovir ɗin nan ba shi ne maganin masu HIV ba? Na taɓa ganin sunan a kwalbar wata. Kar a je a ba ta mutane su ga kwalba su fassara.

Yaron Lab:
Shi ne, yana cikin haɗin maganin HIV, yana aiki kan ƙwayoyin biyu ne. Ba yana nufin tana da HIV ba. Hasali ma sai an tabbatar ba ta da HIV ake ba ta shi shi kaɗai, kuma dama gwajin HIV na cikin abin da ake wa kowace mai ciki a awo. Masu leƙen kwalbar mutane kuma sai dai Allah ya shirye su.

Jikan Wanzami:
Na ga an fara jifan aska, mu gidanmu sana'ar ke nan tun kakanni, to a yi mana adalci. Yau a Kumasi wanzamin da ya san kansa sabuwar reza yake ɓarewa a gaban mai jego, askin suna ko kaciya, ɗaya yaro ɗaya reza. Wanda ya zo muku da tsohuwar aska a zabira yana gogawa a fata ku sallame shi ko da kakanku ne ya aiko shi. Amma ku ma mata ku duba naku, allura ɗaya ake huda wa jarirai kunne da ita a gidan suna, da masu yankan farce da ke yawo kasuwa da almakashi ɗaya tun safe har yamma, waɗannan ba wanzamai ba ne.

Uwar Gida Asawase:
Wlh ka faɗi gaskiya, mai yankan farcen nan ni ma ina miƙa masa ƙafa a Asawase market ban taɓa kawo komai a raina ba. Daga yau na tuba.

Mma Lanto:
Wani abu kuma, ƙanwar nan in al'adarsu ce ta tafi gida haihuwa fa? Mu da yawa ana kai mu wajen iyaye in ciki ya tsufa, wata har Bawku ko Yendi ko ƙauyen da asibiti ke da nisa, ga masu ɓoye naƙuda don kunya sai kan yaro ya fito a ɗaki.

Anti Ungozoma:
Mma kin taɓo inda ke min ciwo. Wannan cikin dai a asibiti za a haife shi, kuma asibitin da aka riga aka shirya da su. In dole sai ta je gida, ta je bayan an yi wa yaro allura, wankan jego ba ya gudu. In kuma haihuwa ta zo ba shiri a gida ko a mota, a naɗe yaro a kawo shi a ranar, ba sai an yi suna ba, ba sai cibiya ta faɗi ba. Kuma na ga ta ce tana da ɗan shekara uku, shi ma a kai shi a gwada, tunda wancan karon ba a san da zancen ba.

Ɗan Asawase:
Abu ɗaya da likitana ya ja min kunne a kai, gyaɗa da masara da suka yi fumfuna, wai akwai guba a ciki da ke haɗuwa da ciwon ta ƙara haɗarin daji. Mu kuma ga ƙuli-ƙuli ga miyar gyaɗa ga koko kullum. Ba cewa ya yi in daina ba, cewa ya yi a tsince ruɓaɓɓun a zubar kar a ce asara ne a niƙa da su. Da shan magani barkatai ba likita.

Hajiya Mai Waakye:
To ni da nake sayar da abinci shekara talatin ko gwajin ban taɓa yi ba. Yaron Lab nawa ne kuma sai an yi azumi ake zuwa?

Yaron Lab:
Hajiya ba azumi, ɗigon jini ne a yatsa minti ashirin kin samu amsa, kuma shi wannan na farkon ba shi da tsada. In kina son na kyauta ki saurari ƙarshen watan Yuli, 28 ga wata ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, ana yawan fitowa gwaji a unguwanni da masallatai. In ba ki da shi allura uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Kuma ba ke kaɗai ba ce ba ki sani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, mafi yawansu ba a taɓa gwada su ba. Ko kina da shi ma waakyenki ba ya ɗauke da komai, gobe ma ina nan zuwa, a sa min ƙwai da talia.

Hajiya Admin:
Jama'a mai maganar ta sake turowa bayan kwana biyar, ga shi:

"Hajiya ki gode min kowa da kowa, na karanta duka har sau uku. Na bi shawarar Maman Biyu na ce masa an ce a zo da miji. Da ungozomar ta gama bayani ya yi shiru har na tsorata, sai ya ce to yaron fa, a gwada shi yau. An gwada su biyun, duk ba su da shi alhamdulillahi, an ce shi maigidan a ƙara wani gwaji a gani ko yana da garkuwa kafin a fara masa allura. A trotro da za mu dawo bai ce min komai ba sai da muka sauka ya ce kar in faɗa wa Mma tukuna. Na kira ƙanwata da muke ciki ɗaya ta je ta yi, ita ma fozitif, kuma bikinta bayan Sallah, yanzu ita ce ke kuka ni nake rarrashi. An ɗebi jinin ƙidayar an ce sai sati mai zuwa. HBIG ɗin mun tambaya wuri biyu kuɗin ya girgiza mu amma ya ce zai nema. Maƙwabciyar tawa kuma tun ranar ta daina aiko yarta karɓar wuta a murhuna. Dan Allah Maman Biyu wane famasi ne suka riƙe miki a firij, kuma ko akwai mai ƙaramar kula da zai ara min?"

Maman Biyu Sawaba:
Hajiya Admin ki ba ta lambata ta bayan fage in kwatanta mata wurin. Kula ina da ita, ta kunun azumi ce amma tana riƙe sanyi, sai dai murfin sai an ɗaure da roba.

Amarya Sabon Zongo:
Ita ƙanwar fa, za ta faɗa wa angon kafin biki ko bayan?

Hajiya Mai Waakye:
Kai Amarya, ki bari mu sauke wannan tukunyar tukuna.